Abin da Ya Sa Marash Yake Rubutu

Ndrek ya ƙi taɓa kofin da aka ajiye masa. A duwatsunmu na arewacin birnin Shkodra, wanda ya sha ruwan gidanka ba ya zubar da jininka, shi kuwa abin da ya kawo shi ke nan. Ya shigo gidan Marash da sunan ɗan jarida, kyamara a wuya, bindiga a ƙasan jaka.

Tun Ndrek yana goye, Marash ya harbe ubansa a kan iyakar gona. Marash ya yi ɓatan dabo, ƙauyen ya watse, sai bayan shekaru ga shi ya fito a marubuci. Littattafansa duk na kisa ne, ana fasa kai ana farke ciki, kuma kowanne da hotonsa da sunan ƙauyensa a baya. Wannan rashin kunya ta fi kisan ci wa Ndrek rai.

Tsohon na zaune ya naɗe wuya da mayafi duk da zafi, haɓa sumul, murya ta dushe da taba. A bango akwai hoton wata budurwa mai kama da shi sak.

"Drane ce, tagwaina," in ji shi. "Ta ƙetare teku tuntuni. Tana can da 'ya'ya da jikoki."

"Baba, me ya sa kake rubutu?" in ji Ndrek.

"Don kada mai nemana ya wahala, ɗana. Kai ɗan jaridar ina ne?"

Ba a kashe mutum a ƙarƙashin rufinsa, don haka Ndrek ya ce haske ya fi kyau a waje. Tsohon ya yi murmushi, ya kashe tabarsa, ya yi gaba.

Yana tsallake bakin ƙofa Ndrek ya kira shi, kamar yadda aka saba kafin a harbi mutum.

"Marash! Gaishe min da ubana!"

Harsashin farko ya fasa kafaɗa. Tsohon ya dafa bango, ya miƙe, ya nuna ƙirjinsa.

"Nan, sakarai. Ka gama, jini ya biya jini. Kada ka sake neman kowa."

Na biyu ya kifa shi a kan duwatsu, jini na bin tsagin dutse har gindin itacen inabi. Ndrek ya ji wani sanyi a zuciya wanda bai taɓa ji ba.

Saura abu ɗaya. A wurinmu ba a barin gawa a kife, wanda ya kashe shi ke birkita ta. Ya kama kafaɗa ya juya, mayafin ya zame, rigar ta yage. A ƙarƙashinta ya ga ƙyallen da aka ɗaure ƙirji da shi tamau, ya ga nonon mace da ƙyallen yake ɓoyewa, sai a lokacin ya gane wanne ne cikin tagwayen ya ƙetare teku.