Haɗin Hannun Torvald

"Saurara, Yaya Ylva! Har numfashin Baba ya fito tsaf."

Torvald ya ƙara sauti yana hura hanci. Yau mahaifinsu, tsohon masunci a Göteborg, ya yarda a naɗi waƙoƙinsa na teku kafin a yi masa aikin maƙogwaro. Likita ya ce da wuya muryar ta dawo.

"Wata huɗu na yi ina harhaɗa kwamfutar nan da hannuna," in ji Torvald. "Ke kuwa kin shiga kanti kin sunkuto taki kamar kayan miya. Wannan akwatin naki ai sai buga wasiƙa! Da ita muka yi amfani, da Baba ya koma agwagwa."

Ylva ta kurɓi kofi, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ka gama, gwani? Leƙa ƙarƙashin tebur."

Ya duƙa. Ga tasa can a mace, ko fitila ɗaya babu.

"Tun safe ta ƙi tashi, lokacin da ka tafi ɗauko Baba. Na mayar da wayoyin jikin tawa. Ci gaba da yabo, ƙanena, tana jin daɗi."