Jijiyar Wuyan Makaɗi

Saura awa guda a fito da amarya, Hajiya ta tsinci ƙwayoyin magani a aljihun jallabiyar mijinta. Na wata guda ne, ko ɗaya bai sha ba.

"Baban amarya, mene ne wannan?"

Ya miƙa mata hannuwansa. Sun daina rawa.

Shekara arba'in yana kaɗa wa amaren birnin Dumyat ganga, kafin zuciyarsa ta fara tsallake bugu. Magani ya daidaita ta, amma ya sa masa karkarwar hannu, har kofin shayi ya gagare shi.

"Likita ya ce in ka daina, tana iya tsayawa."

"Ya kuma ce maganin na iya taɓa huhu. Ko'ina da raminsa, Hajiya. 'Yata ɗaya tilo, bare ya kaɗa mata?"

"To, sarkin taurin kai, jikokinka fa? Gawa za ta kaɗa musu?"

Ya rataya gangar.

Layi ya cika da guɗa, kowa na bin kiɗansa. Hajiya kaɗai ta jera da shi ba ta rawa, idonta a kan jijiyar wuyansa, tana ƙirga ɗaya kiɗan.