Banza Ta Faɗi a Bakin Titi

Da ƙyar maigida ya shigo da motar, but ɗinta na baya a buɗe, itace har kan kujerar baya. Ya fito yana kakkaɓe riga.

"Maman yara, zo ki ga rabo. Banza ce ta faɗi a bakin titi."

Ta fito daga kicin tana goge hannu, ta tsaya tana kallo.

"Wani mai amalanke na tarar yana zubarwa," in ji shi. "Har yana cewa kada in ɗauka, wai ba zai amfane ni ba. Baƙin ciki ne kawai. Na wanke shi tas."

Ta zaro guda, ta buga da ƙasa. Gara ta zubo. Wasu tuni sun kama hanyar cikin kujera.

"Ka ga wannan karkatacciyar ƙusar? Aikinka ne. Katakon tsohon ɗakin kajinmu ne. Gara ta cinye shi, tana neman rufin gida, shi ne da safe na kira mai amalanke ya raba mu da shi."

Maigida ya daɗe yana kallon ƙusar. Can ya yi gyaran murya.

"Kina da lambarsa?"