Mai Dafa Tsatsa

Akwai wata mata, masaniyar haɗa sinadarai, da labari ya iske ta a wurin aiki cewa gubar dalma ta shiga rijiyar ƙauyensu daga ramukan masu haƙar zinariya. An riga an binne yara biyu, 'yar ƙanenta kuma ta fara jijjiga. Matar nan ta san wata dabara. Akan dafa ruwan ƙarfe a kwalbar gwaji har ya haifi ƙwayoyin tsatsa waɗanda ido ba ya ganinsu ɗaya-ɗaya. In an zuba su a ruwa sai su kama gubar, a janye su da maganaɗisu. Amma fa sai sun fito ƙanana, girmansu ɗaya, kowace a mulmule, hakan kuwa ba ya samuwa sai zafi ya hau a hankali, ana ɗiga wani mai da ke hana su girma. Da ta ɗora, tsoron kada ta makara ya sa ta ƙara wuta. Ƙwayoyin suka fito manya, a cure kamar ƙanzo. Ta gwada su a ruwan rijiyar da aka aiko mata, ruwa ya yi garau, amma na'urar gwaji ta nuna gubar tana nan. Da ta aika da su haka, da ita ta shayar da danginta ajali.

Washegari ta sake ɗorawa. Awa bakwai tana gaban kwalbar, idonta a kan ma'aunin zafi, tana ɗiga man. Waya ta yi ta ruri a gefenta. Ta ga sunan ƙanenta, ta kasa ɗauka, don tana tsoron abin da za ta ji. Sau biyu hannunta yana kaiwa ga wutar, tana janyewa. Da ruwan ya yi baƙi wuluk ta sauke, na'ura ta nuna ƙwayoyin sun fito daidai. Sai a lokacin ta kira, aka ce yarinya tana asibiti da ranta. Ranar da ta kai ƙwayoyin ƙauye, ba wanda ya yarda ya taɓa ruwan da ta tace. Ta ɗiba a moɗa, ta ce wa ƙanen, "In da cuta, ta fara da ni." Ta shanye, sannan mahaifiyarsu ta miƙo hannu.

Shi ya sa Hausawa suka ce, mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.