Ƙafafun da Suka Zama Saiwa

Kun wuce shi sau ɗari a gidan zane-zanen nan na Manchester, ba ku taɓa amsa gaisuwarsa ba. Da council, wato hukumar birnin, ta rage ma'aikata aka sallami tsohon mai gadin, ba ku ce uffan ba. Ni na tada jijiyar wuya, na shirya baje kolin zane don nuna adawa.

Sai ga shi da nasa zanen a kan murfin tsohon kabad. Hoto ɗaya da ke rataye a gidan muka kwaikwaya, na budurwar tatsuniyar Girkawa da ta rikiɗe bishiya don tsere wa mai bin ta. Shekara huɗu na yi a jami'a ina koyon zane, nawa ya fito cif. Nasa ƙafafu ne kawai.

"Baba, ina sauran jikin?"

"'Yata, ai ba tufa a jikinta. Shekara goma sha ɗaya ina gadinta, idona bai taɓa wuce ƙwaurinta ba."

Na ƙura ido. Yatsu suna nutsewa cikin ƙasa suna zama saiwa, diddige ɗaya a ɗage, yana neman ƙarin taku. Duk tsoron yarinyar yana wurin, ni kuwa ban taɓa lura da shi ba. Hassada ta turnuƙe ni. Na ce masa bango ya cika, na kulle nasa a sito, na rataye nawa a tsakiya.

Ranar Asabar za a rufe baje kolin. Ku zo, ku wuce nawa, ku tilasta mini in buɗe siton.