Sifaniyancin Kaka

Da fuskar yarinyar ta bayyana a wayar, tsohon daraktan ya gyara hula, ya yi gyaran murya kamar zai buɗe taro.

"Yo hablo. Tú hablas. Ella habla."

Tun da ɗansa ya auri Basifaniya a Malaga suka sami ɗiya, ya yanke hukuncin ba zai kira ba sai ya iya yaren jikar, wato Sifaniyanci. Ɗan nasa ɗan fari ne, akwai kunya, ba a zama hira da shi. Jika kuwa abokiyar wasa ce. Ya yi ta haddar aikatau na lokacin yanzu a barandarsa ta unguwar Malali a Kaduna, ina ci, kana ci, muna ci, har maƙwabta suka fara tambaya ko lafiya. Wanda ya ƙare aiki yana gyara wa ma'aikata Turanci ba zai yi kuskure a gaban jaririya ba. Aka yaye jaririyar, ta shiga makaranta, har ta fara famfara.

Yarinyar ta ƙura masa ido, sannan ta juya gefe.

"Abba, wannan ne angon nawa? Me ya sa yake magana kamar littafi?"

Hausa ce tsantsa, irin ta 'yan Kaduna.

A hankali ɗan ya ce, "Baba, da Hausa na raine ta. Tun tana rarrafe take jira ka kira ta amarya."

Tsohon ya buɗe baki. Bai tanadi komai da Hausa ba.