Ɗalibi na Biyu a Gindin Tsamiya

Tun da aka kafa dokar hanyar giwaye, duk ƙauyen da ya kasa kawo ɗalibai biyu darasin zama da namun daji ranar Laraba, goge sunansa ake yi a bar wa daji. A Tungar Ɗinya saura Iya Tabawa da mijinta, shi kuma ya rasu, ranar Asabar 'yan uwa suka zo daga birni, suka binne shi, suka koma.

Duk da haka, ranar Laraba Iya ta shimfiɗa tabarma biyu a gindin tsamiya. Malama Asabe, jami'ar gandun daji, ta sauka daga babur, ta rataye na'urar ƙirga ɗalibai a reshe, ta dubi tabarmar da ba kowa.

"Iya, ya haƙuri? Kin san ba ni ke ƙirgawa ba. In ta ce ɗaya, gobe mota za ta zo ɗaukar ki."

"Ke dai karanta, 'yar nan. Mun tsaya a shafa barkono jikin shinge don korar giwa."

Malama ta fara karatu. Can na'urar ta ce, "Ɗalibai biyu."

Iya ta waiwaya. A bayan rumbu, ga tsohon toron giwar nan da garke ya kora bara, wanda ya cinye mata dawa har sau uku, yana tsaye yana kaɗa kunne. Ta daɗe tana kallonsa. Sai ta miƙe, ta janye tabarmar marigayi gefe don ya samu wuri.

"Ɗaga murya," ta ce wa Malama. "Na baya ba ya ji sosai."